Mu Da Atishawar Da Ba Ta Ƙarewa

A unguwarmu, duk hancin da ya zuba sunansa mura, mai laifi kuma ɗaya ne: sanyi. Yaro ya yi atishawa, a ce ruwan randa ya sha. Magidanci ya tashi hanci a toshe, a ce fanka ya bari a kunne. Ko a watan Afrilu ne, ana tsiyayar gumi, sanyi dai ne.

Akwai telan bakin layinmu da ke jera atishawa kowace safiya. Ta farko mu ce yarhamukallah, ta biyu mu ce, ta uku mu ce, daga nan sai mu koma "Allah ya ba da lafiya, Malam." Shekaru ke nan yana haka. Ita kuwa mura ta gaskiya kwana 7 zuwa 10 take yi ta kama gabanta, sau da yawa da ɗan zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Tasa babu zazzaɓi. Majina ce tsararo, ido na ƙaiƙayi, hanci na ƙaiƙayi har cikin ganɗa.

Likitoci sun ce jiki ne ke ɗaukar abin da bai kai ya kawo ba a matsayin abokin gaba, sai ya saki wani sinadari mai suna histamin, shi ke kawo kumburi da ƙaiƙayin. Borin jini ne, amma a hanci. Masu tsokano shi kuma tare muke kwana da su: kyankyasai, tattabarun Maigida, ƙurar gero lokacin sussuka, da wasu mitsi-mitsin ƙwari da ido ba ya gani a katifa da matashin kai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ya ƙaro mana ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi.

To, mu me muke yi? Hajiya ta rufe tagogi ruf, ta zuba turaren wuta a kasko, ta kunna maganin sauro mai hayaƙi, ta ciro bargon da ya shekara a akwati ta lulluɓe yaro har ka. Da safe 'yan mata su share tsakar gida a bushe, ƙura ta turnuƙe. Sannan a aiki Auta kemis: "Ka ce a ba ka na mura, mai ƙarfi." A dawo da Ampiclox, wanda ƙwayoyin bakteriya yake kashewa, babu ruwansa da wannan ciwo. A haɗa da Piriton, wanda yana aiki kam, sai dai ka ga mai Adaidaita Sahu yana gyangyaɗi a danja. Wani kuma ya riƙe maganin ɗigawa a hanci wata guda, alhali in aka wuce mako ana ɗiga irinsa, toshewar ce ke dawowa fiye da da.

Abin da ke taimakawa ba shi da tsada. A yayyafa ruwa kafin shara. A shanya katifa a rana, a wanke zanin gado da ruwan zafi. Ranar hazo a nemo takunkumin da muka yasar bayan korona. A wanke hanci da ruwan gishiri, wanda aka tafasa ya huce. Cetirizine da loratadine ba sa sa barci kamar Piriton. Akwai kuma feshin hanci da likita ke rubutawa, sai dai kullum ake yin sa, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin a ga amfaninsa. Mu kuwa fesa biyu muke yi mu ce na jabu ne. In numfashi ya fara fita da ƙara ko tarin dare ya shigo, a tafi asibiti, don wannan ciwo da asma 'yan gida ɗaya ne.

Duk wannan an yarda a majalisa. Maganar rage turaren wuta ce har yau ba a samu namijin da zai kai ta cikin gida ba.