Balan-balan a bakin jarka

Ranar Asabar ɗin nan aka ɓata min farar shadda, kuma babu wanda zan riƙe, domin murfin kwalba ne ya yi aikin. Muna zaune a walimar suna, an jera mana dogayen kwalabe masu wuyan zinariya, kowace an manna mata takarda, an rubuta da manyan baƙaƙe: BABU GIYA. Wani dattijo ya yi bismilla ya murɗa. Murfi ya tashi ya daki silin, abin da ke ciki ya biyo bayansa ja wur, ya duba ɗakin kaf, ya zaɓi wanda ya fi kowa fararen kaya.

Zoɓo ne fa. Zoɓon da muka tashi muna tsotsa a ƙullin leda. Yanzu ya samu ƙarin girma, an sa masa kwalba mai dogon wuya, ana ce masa wayin na gida.

Da na bi sawu, sai sawun ya kai ni gidan ƙanina. Matarsa ce mai masana'antar. Ta tarbe ni da fara'a, ta ce, "Yaya, wallahi nawa na halal ne, ko ɗigon giya ban zuba ba." Na ce mata ai mai burukutu ma ba ta zuba giya, dawa kawai take jiƙawa. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko waya ta nuna min malamarta, wata Baturiya a TikTok mai sanye da rigar sanyi, tana koyar da yadda sabon shiga zai haɗa ruwan inabi da kuɗi kaɗan: ruwan 'ya'yan itace, sukari mai yawa, cokalin yis, a ɗaura balan-balan a bakin kwalba, a huda shi da allura, a ajiye a wuri mai duhu. Matar ƙanina ba ta tsallake komai ba. Inabi ne ya yi mata tsada, ta maye gurbinsa da zoɓo da ɓawon abarba. Sauran kuma ta cike da kyakkyawar niyya.

Sai ta buɗe min sito.

Jarkoki ne a jere a ƙarƙashin bene, kowace da balan-balan a bakinta, ragowar na bikin zagayowar haihuwar ɗiyarta. Akwai ja, akwai shuɗi, akwai wani rawaya mai zanen fuska tana murmushi. Dukkansu a miƙe, sun cika sun yi tam. Wannan rawayan ya fi kowa ƙiba, murmushinsa ya kai kunne, yana kallona irin kallon wanda ya san abin da ake ciki.

Kowa a gidan yana da fassararsa. Ita uwar ɗakin ta ce albarka ce ke hauhawa. Yara sun ɗauka wani bikin ake shirya musu a ɓoye, har sun fara gayyatar 'yan ajinsu. Inna, da ta zo kwana biyu daga ƙauye, ta leƙa da dare ta tarar da balan-balan yana kumbura babu mai hura shi, jarka kuma tana ƙananan maganganu, washegari ta ce ko a kira mai ruƙiyya ko a kai ta tasha. Ƙanina bai ce komai ba. Shi ya ba da jarin.

Ni kuwa tun da nake ban ga mai gaskiya a gidan nan kamar balan-balan ɗin ba. Yis ba ya karanta takardar da aka manna a kwalba. Sukari yake ci, ya fitar da abu biyu tare, iska da barasa, kusan rabi da rabi a nauyi. Iskar ce ta hau sama ta cika balan-balan, 'yar uwarta kuma tana ƙasa tana jiran baƙi. Louis Pasteur na Faransa ya nuna wa duniya tun wajen 1860 cewa ƙananan halittu masu rai ne ke wannan aiki, kuma har yau ba a ji sun tambayi kowa addininsa ba. Saboda haka duk lokacin da rawayan nan ya ƙara faɗin murmushi, shaida yake bayarwa. Da za a je gaban alƙali, shi kaɗai zan kira. Ba ya karɓar na goro, ba shi da dangi a cikin masu ƙara, kuma in aka matsa masa da tambaya sai ya fashe ya faɗi komai.

Abin ya tuna min da Amurkawa. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da giya a ƙasarsu. Sai 'yan kasuwa suka riƙa daskarar da ruwan inabi suna sayar da shi a dunƙule, da gargaɗi a jiki: kada ka narkar da wannan a ruwa, ka zuba a tulu, ka ajiye a kabad na kwanaki kaza, domin zai zama giya. Mutane suka karanta gargaɗin da kyau, suka kiyaye kowane mataki. Su dai sun san abin da suke yi, suna ƙifta wa juna ido. Namu ya fi ban tsoro, domin mai haɗawar da zuciya ɗaya take yi, har tana tofa addu'a a bakin jarka kafin ta ɗaura balan-balan.

Kuma ba sai an sa yis ba. A bar batun Baturiya. Ka haɗa kunun aya da dabino da kwakwa da safe, ka ɗura a gorar roba, a ɗauke wuta, zafin watan Afrilu ya haura digiri 40, firji ya koma kabad. Zuwa la'asar gorar ta yi tauri, ka buɗe ta ce "fsss". Mai sayarwa za ta ce maka ai gas ne, irin na lemon kwalba. Wa ya sa masa gas ɗin, Hajiya? Kakanninmu ba su san sunan Pasteur ba, amma kunun da ya kwana sai sun sansana kafin su miƙa wa yaro. Malamai ma sun daɗe suna karantar da hadisin jiƙon zabibi a Sahihu Muslim, wanda ba a barinsa ya wuce yammacin rana ta uku. Mu da muka ci gaba, namu sai ya yi sati biyu a sito, sannan a ɗaura masa kintinkiri.

Abin da ya fi ci min rai, a walimar nan an zuba wa yara. An zuba wa mai jego. Wani tsoho mai ciwon sukari ya shanye kofi biyu yana yabon "ɗan yajin" da ke ciki, ya koma gida ya yi barcin da bai yi ba tun rasuwar matarsa ta fari. Duk don me? Don a ɗauki hoto. Mutumin da zai canza hanya don kada a gan shi kusa da mashaya a Sabon Gari, shi ne zai tsaya a bikin 'yarsa yana girgiza kwalba sai ta yi kumfa, ango da amarya suna gwara kofuna masu ƙafa ɗaya, mai kyamara yana cewa a sake. Muna son kamannin mashaya, ba ma son zunubinsu. Ga shi yis ya ji tausayinmu ya cika mana ladan.

Zoɓon nan kuwa bai roƙi kowa kwalba ba. Daga Jigawa ake loda shi buhu-buhu zuwa ƙasashen waje, Meziko na cikin manyan masu saye, can ma tafasa shi suke yi su sa sukari da ƙanƙara su sha abinsu. A Sudan da Masar karkade ne, a kofin gilashi, babu wuyan zinariya.

Yanzu magana ta koma zauren WhatsApp na dangi, inda kowa ya zama mufti. Wani ya ce a zubar. Wani ya ce zubarwa almubazzaranci ne, sukari ya yi tsada. Wani ɗan jami'a ya ce a ƙyale shi, in ya ƙara kwanaki zai juye da kansa ya zama ruwan khal, shi kuma halal ne. Matar ƙanina ta ji wannan fatawa ta yi hamdala, har ta aika a bugo mata sababbin takardun mannawa. Kuɗin wankin shaddata dai ba wanda ya tayar da zancensa.

Duk mai niyyar gayyata ta biki daga yau, a ba ni zoɓon da aka tafasa a safiyar ranar, a kofin silba. In babu, ruwan leda ya wadatar, kuma ni zan buɗe abina da haƙorina.