Wasiƙa Daga Tsinga Zuwa Ga Taubashi

Tsinga, Yawunde.

Zuwa ga taubashina, bawana na gado,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna da Baffa, amma ba'adu, ina sanar da kai cewa ubangidanka, wanda Kano duka ta shaida yana murza Raleigh daga Ƙofar Mata har Kurmi ba tare da ya sauke ƙafa ba, ya shiga tseren keke a ƙasar Kamaru, ya kuma fito da ransa, wanda a irin wannan tsere shi ma matsayi ne.

Ka sani, Allah Ya ganar da kai, Yawunde ana yi mata kirari da garin duwatsu bakwai, alhali duk wanda ya ƙirga su da gwiwarsa ya san an yi rangwame a lissafin. Daga Briketeri, inda danginmu Hausawa suka cika da ɗinki da tsire da sayar da atamfa, in ka nufo babban masallacinmu na Tsinga da Saudiyya ta gina aka buɗe a 1997, sai ka isa sahu kana haki, liman na kabbara kai kana neman numfashi. Dutsen Febe kuwa ya haura mita 1,000, ta yadda da za a kawo Dala da Goron Dutse nan, da sai a sa su a layin yara.

Asalin al'amarin a bakin tukubar mai tsire ne bayan isha'i, inda na faɗi tarihina na keke, gaskiya tsantsa da ɗan ƙarin gishiri, wasu samari masu hawa ran Lahadi suka ce to bismilla. Na zaci irin tseren Chantal Biya ne da ake yi tun 2001 a kan kwalta, mutane na tafi a gefen titi. Ashe nasu, wanda suke kira VTT, sharaɗinsa na farko shi ne a guje wa duk abin da ya yi kama da hanya. Aka ara mini keke mai tayoyi masu ƙuraje, da giya 21, ba kariya, ba ƙararrawa, da sirdin da bai fi tafin hannu ba, aka ɗaura lamba a gabansa, aka kifa mini hular kwano. Da suka miƙo wandon tseren, wani matsattsen abu da bai kai gwiwa ba, sai na tuna babin al'aura, na ɗora bujena a kai, wanda kaca ta cinye ƙafarsa guda tun ba a bar gindin dutsen ba.

To, a nan ne mas'alar take, ina so ka kai wa malaman zaure su yi mana fatawa. An yi ruwa da dare, jar ƙasar nan ta zama kunun kanwa, ta cika kaca da birki har taya ta daina juyawa. Hanyar kuma 'yar siririya ce tsakanin ayaba da rogo, saiwoyin itatuwa sun gicciye ta, ga tudu a tsaye yana kallonka. Na sauke giya har ta ƙarshe, ina ta zuba feda, ƙafa na gudu keke na tafiyar hawainiya, daga bisani na ga zakarun da kansu sun dira sun saɓa kekunansu a kafaɗa suna hawa da gudu, ni ma na yi koyi da su ban da gudun. Shin idan mutum ya ɗauki keke fiye da yadda keke ya ɗauke shi, wane ne mahayi, wane ne abin hawa, kuma wa ya cancanci lada?

Gangaren ba na son dogon bayani a kansa. Na karanta duk abin da na haddace tun allo, na matse birkin gaba, keken ya tsaya cak kamar yadda aka umarce shi, ni kuwa na ci gaba da tafiya. Wata dattijuwa mai gonar rogon ta yi mini doguwar huɗuba da Ewondo, wadda na ɗauka ta'aziyya ce.

Na iso ana naɗe igiyar ƙarewa. Kada mahassada su ce maka na zo na ƙarshe: ladabin baƙunta ne ya hana ni wuce masu gari a dutsen kakanninsu.

Kuɗin shara na bana ka yi haƙuri, sun tafi wajen mai faci da mai ɗori. A madadinsu na ba da sunanka a tsere mai zuwa, na kuma gaya musu ka fi ni. Ka biyo ta Garwa zuwa Gaundare, ka hau jirgin ƙasa na dare, ka taho da wando biyu. Kada Inna ta ji.

Wassalam,
Ubangidanka.