Teburin Mai Shayi a Illela

An ce tun 1974 Amurkawa ke da wani wasa, Dungeons & Dragons: a kewaye tebur, a jefa ɗan ludo, wannan ya zama jarumi, wancan boka, mutum ɗaya yana tsara labarin. Har littafin dokoki ake saya. Da sun zo Illela ƙarfe biyun dare, da kuɗinsu ya huta.

Bencin mai shayinmu ƙafa uku gare shi, ta huɗun bulo ce. Fitila sai an mare ta take kawo haske. Amma a nan ɗan kabu-kabu ke zama kwastan, direban da motarsa ta kwana uku a layi ya zama gwamnan Sakkwato. Lokacin da aka rufe iyaka a 2023, sau tara muka buɗe ta a dare ɗaya, muka kai albasa Ƙonni, muka karya farashin sefa.

Mai shayi ne alƙali, shi ke yanke wanda ya tsallake da wanda aka kama. Na lura mai bashin Indomie bai taɓa tsallakewa ba. Ni yau wata biyu ina tsare.