Ranar da Na Tura Motar Duniyar Mars

Da na samu aikin wucin gadi da masu gwajin motar binciken duniyar Mars a hamadar da ke kusa da Arfud, kudu maso gabashin Maroko, sai na buga wa Inna waya na ce ɗanta ya shiga harkar sararin samaniya. Ta rangaɗa guɗa, ta raba goro a unguwa. Ranar farko aka miƙo mini kayan aikina: tsintsiya.

Masu tuƙa motar suna can Turai cikin ɗaki mai sanyi, ba sa ganin komai sai hoton da kyamararta ta aika musu, don haka dole filin ya zama kamar ɗan Adam bai taɓa taka shi ba. Ni ne mai bin sawun injiniyoyi ina sharewa, da baya da baya, har da nawa sawun. Digiri na cikin jaka, mai digirin na sharar Sahara.

Ita kuwa gimbiyar, taya 6, wuya kamar na raƙumin dawa, tafiya ta hawainiya. Motar Curiosity da ke Mars tun 2012 ba ta wuce santimita 4 a daƙiƙa, tamu kuma halin yayarta ta ɗauko. Ga jinkirin da ake ƙaƙaba wa saƙo da gangan, tunda umarni kan yi minti 3 zuwa 22 kafin ya isa Mars. Sai a ce mata "matsa", mu ɗora shayi, mu sha na fari, mu sha na biyu, sannan ta ɗan gusa ta tsaya tana nazari.

Rana ta huɗu bayan azahar, kowa na cikin tanti, tayarta ta baya ta lume cikin rairayi. Tana ta juyi tana haƙa wa kanta kabari. Ni da na yi shekara 2 ina yaron mota tsakanin Damagaram da Agadas, ina zan iya kallo? Na yar da tsintsiya, na tone yashin da hannu, na cusa duwatsu, na kafa kafaɗa na yi bisimilla. Sai ga ta waje, fes!

Ina haki ina jiran tukwici, shugabar ayarin ta fito a guje, hannu biyu a ka. Ashe da gangan aka kai ta cikin yashin. Tun da wata motar bincike mai suna Spirit ta kafe a Mars a 2009 ba ta sake fita ba, abin ke hana su barci, kuma gwajin ranar shi ne a ga ko motar za ta fid da kanta.

"Malam," ta ce, muryarta na rawa, "a Mars wa zai tura?"

Na ce, "Hajiya, Allah ba ya hana bawansa mataimaki."

Ba ta yi dariya ba. Bayan minti 20 hoto ya isa Turai: duwatsu, sararin sama, da fuskata cike da allo, gumi sharkaf, hula a karkace. Washegari aka shata mini iyaka, mita 10 daga motar, aka kuma ƙara mini tsintsiya ta biyu. Inna dai har yau "ɗan sama jannati" take kirana.