Mashawartan Mai Neman Digiri na Biyu a Zane

Duk mai zanen da ya ƙudura niyyar komawa jami'a neman digiri na biyu, to, ya sani tun fentin hannunsa bai bushe ba Allah zai jarrabe shi da taron mashawarta, waɗanda ba wanda ya gayyata, kowannensu kuwa yana ganin fatawarsa ita ce ijma'in malamai.

Na farkonsu shi ne Ɗan Landan, wanda a mazhabarsa ilmi ba ya inganta sai an sha sanyi a kansa. Da ka ambaci Zariya sai ya yamutsa fuska, ya ce ai Ben Enwonwu da Ibrahim El-Salahi na Sudan a makarantar Slade suka yi karatu, amma in ka tambaye shi inda kuɗin zai fito, nan take zai tuna ana jiransa a kasuwa. Abokin hamayyarsa Bazazzagin ƙarfi da yaji ne, wanda ya haddace yadda su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a Zariya a 1958, yana ba da labarin kamar shi ya wanke musu buroshi. Kawu kuwa mas'alarsa guda ce: "To, ɗana, in ka gama, allon shago nawa za ka rubuta?"

Amma wanda na fi shan wuya a hannunsa, kuma na fi ƙauna, shi ne Shehun Sharhi, mutum mai farar riga wadda ɗigon launi bai taɓa sauka a kanta ba, domin ya ajiye buroshi shekaru goma da suka wuce ya ɗauki kalmomi. Zai tsaya gaban zanenka, hannu a baya, ya matso, ya ja da baya, ya numfasa, sa'an nan ya ce, "Malam, mene ne mafhuminka?" Ranar da na ce masa shanu ne a bakin rafi, sai ya dube ni da tausayi irin na wanda ya ga baligi bai iya alwala ba. A wurinsa matani taƙi guda ne, sharhi kuwa kayan jaki, saboda haka nasiharsa kullum ita ce a zaɓi makarantar da kundi ya fi zane nauyi. Wata rana ya tarar da tsumman da nake goge buroshi da shi rataye a ƙusa, ya yi masa tafsiri na rabin sa'a, ya ce yanzu na fara balaga. Ban gyara masa ba, don shi ya sayi shayi.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne malamin da ke jawo ɗalibai wurinsa da zaƙin baki, sa'an nan ya ɓace daga ɗakin zane wata da watanni, in ya bayyana kuma ya tilasta kowa ya kwaikwayi hannunsa, a ƙarshe ya ɗauke zanenka mafi kyau da sunan tukuici kafin ya sa hannu a takardarka. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma kafin ka biya ko sisi, nemi ɗaliban shekarar ƙarshe ka tambaye su sau nawa suka ga malaminsu.

Saura mutum guda, mai sayen fom kowace shekara, ya saurari dukan waɗannan bayin Allah, ya yi ta istihara har a rufe karɓa. Fom ɗin bana yana nan a ɗakina, ƙarƙashin gwangwanin fenti.