Masu Wayar da Ke Suma Tana Farfaɗowa

Akwai cutar da ke kama waya: ta nuna tambarin kamfani, ta ɗauke, ta sake nunawa, ta sake ɗaukewa, har caji ya ƙare. In ba manhaja ce ta rikice ba, sanadin bai wuce batir da ya gaji, ko makunni da ya maƙale, ko aisin wuta da ya ƙone, ko ruwa, ko dalmar da ta tsage a jikin fanel. Mai gyara a unguwar Takur da ke Dutse yana da mita da bulowa, zai iya gano wanne ne. Abin da babu na'urar auna shi shi ne mai wayar. Tun da Dutse ta zama hedikwatar Jigawa a 1991, ma'aikata suka cika gari, sannan ɗaliban Jami'ar Tarayya suka biyo baya bayan kafa ta a 2011, bencin mai gyara ke karɓar baƙi iri-iri.

Na farko shi ne Yallaɓai Haka Kawai. Daga sakatariya yake, hularsa ta sha kari. "Injiniya, wallahi haka kawai ta fara." Ta faɗi? "Ko kusa." Ga kusurwarta a lotse, ga yashi a ramin caja. Faɗuwa kan tsage dalmar da ke riƙe ƙwaƙwalwar waya, shi ya sa in ta ɗau zafi sai ta rabu da wuta. Sai an buɗe an nuna masa zai tuna cewa ta ɗan zame daga kan babur a hanyar Kiyawa, "amma a hankali ta sauka."

Ta biyu Hajiya Mai Shinkafa. Wayarta ta faɗa bokitin wanki ranar Talata, aka binne ta cikin kwanon shinkafa har Juma'a. Shinkafa ba ta shiga ƙarƙashin aisi ta tsotse ruwa, tsatsa kuwa ba ta jira. Abin da ya fi muni, kullum da safe Hajiya kan tono ta, ta sa a caji "don a gani ko ta warke", wuta da danshi su gama abin da ruwa ya fara. Da aka zazzage ƙwayar shinkafa daga ramin caja, cewa ta yi: "Ɗan nan, ai 'yar gwamnati ce, mai tsada."

Sai Farfesan YouTube, ɗan aji biyu a jami'a. Bai zo tambaya ba, umarni ya kawo: "Oga, filashin kawai za ka yi mata." Ya riga ya yi mata sau uku a ɗaki, hotunan bikin yayarsa duk sun tafi. Mai gyara ya cire batir, ya jona ta da injin ba da wuta, ta tashi garau. Da ma batirin ne ba ya iya riƙe wuta lokacin da wayar ke tashi, sai ta faɗi ta sake farawa. Farfesa ya gyara tabarau: "Abin da nake zargi ke nan tun farko."

Akwai Baba Mai Roba. Bayan wayarsa ya ɗago kamar burodi a tanda, shi kuwa ya ɗaure ta da robar ɗaure kuɗi guda huɗu. Batirin ya kumbura saboda zafin Afrilu da cajar ɗari biyar da kwana a ƙarƙashin matashi. An ce masa batir mai kumburi yana iya kamawa da wuta, ya ce a huda masa da allura iskar ta fita. Nan ne kaɗai za ka ga mai gyara ya miƙe tsaye yana salati.

Kada a manta da Malam An Yi Min Kutse. Ya tabbata abokan adawar siyasa ne ke kashe masa waya daga Abuja, ko kuwa sammu ne daga ƙauye. Maƙiyin nasa dai ƙurar hunturu ce da gumi, sun daskare a makunnin, wayar na ɗauka ana danna ta ba ƙaƙƙautawa. An goge da burushi da sifirit, ta daina. Ya biya yana ɓata rai, don ya fi son a ce shi babban mutum ne da ake bibiya.

Ga Alhaji Mai Sirri, wanda ke tsaye a kan mai gyara, numfashinsa a wuyansa. Ba zai ba da lambar buɗewa ba, ba zai bar wayar ta kwana ba, kuma in saƙo ya shigo sai ya rufe sikirin da tafin hannu. Shi ba mutuwar wayar ke ba shi tsoro ba, farfaɗowarta a hannun uwargida.

Su ma masu gyaran ba a bar su a baya ba. Akwai Sarkin Bulowa, wanda ke gasa kowane fanel kafin ya auna: waya ta yi kwana biyu lafiya, ta mutu a na uku. Akwai Sai Kano, wanda ko batir ne zai ce "sai an kai Farm Centre", kasuwar waya ta Kano. Tecno da Infinix da Itel duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na Shenzhen a ƙasar Sin, kayansu ba sa wuya, amma shi kullum "kayan na hanya".

Na ƙarshe ba kasafai ake ganinsa ba. Yakan zo ya ce: "Malam, jiya ta faɗa kwata, ban kunna ba, ban sa a caji ba, ga ta." Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwo ya ɓoye shi, wannan kuwa bai ɓoye komai ba, don haka aikinsa ne mafi sauƙi da araha. Sai dai mai gyara kan daɗe yana kallonsa, sannan ya ce: "Bawan Allah, kawo rasit. Anya wayar nan taka ce?"