Kaka Ta Ƙi Zuwa Idi

Maƙwabcina ne ya ja ni. Dattijon Bature ne, tsohon mai walda da ya yi ritaya, a unguwarmu da ke gefen Ribasaid a jihar Kalifoniya, kuma tun da muka tare ban taɓa ganin farcensa babu baƙin mai ba. Wata Asabar a farkon shekara ya ce in raka shi garin Pomona, wai akwai baje kolin motoci mai suna Grand National Roadster Show, wanda aka fara tun 1950 a Okland kafin a dawo da shi nan kusa da mu. Na ce mu je, ai kallo kyauta ne. Ashe shiga ma sai da tikiti.

A can na fara ganin abin da suke kira hot rod ido da ido. Tsohuwar mota ce ta shekarun 1920 ko 1930, an tuɓe mata madgad da bonet da duk wani abu mai nauyi, an durƙusar da ita dab da ƙasa, sannan aka dasa mata injin da ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. In aka tayar da guda, ƙirji ke fara jin ƙarar kafin kunne. Dattijon yana tafe yana zuba mini tarihi. Samarin kudancin Kalifoniya ne suka fara abin a shekarun 1930, lokacin da fatara ta yi wa Amurka katutu. Sukan sayi ruɓaɓɓiyar Ford a kuɗi kaɗan, su gyara ta a bayan gida, su je su yi tsere a busasshen tafkin Murok, inda yanzu sansanin sojan sama na Edwards yake. Da Ford ta fito da inji mai silinda takwas a 1932, mai ƙarfin doki 65, sai kakarsu ta yanke saƙa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka dawo gida da sanin kanikanci, a 1948 har mujalla aka buɗe wa harkar.

"Ka gane, abokina," in ji shi, "asalin abin nan na talaka ne. Mai kuɗi saye yake yi. Talaka da hannunsa yake haɗa tasa."

Ni kuwa direban motar rarraba kaya ne, ga hannu biyu Allah ya hore mini, ga talaucin daidai gwargwado. Na ga duk sharuɗɗan sun cika a kaina. Kafin mu iso gida na yanke kasafi: dala 5,000, ko sisi ba za ta ɗaru ba.

Uwargida ta saurare ni har na kai aya. Ba ta yi musu ba. Ta tashi ta ɗauko wani littafin makarantar yara mai jan bango, ta rubuta 5,000 a saman shafin farko, ta ja layi biyu a ƙasa. "Malam, duk abin da ka sayo, ka kawo mini rasit," in ji ta. Na so a ce faɗa ta yi.

Gangar jikin na samo ta a wajen wani mutum a cikin hamada, ta wajen Barsto: Ford Model A ta 1930, mai ƙofa biyu da kujerar baya. Kujerar bayan ce hujjata a gida, wai motar iyali ce. Babu inji, babu gilashi, ƙasan ya cinye har kana hango ƙadangaru suna wucewa. Rufin kuwa dama Ford ba ta yi shi da ƙarfe duka ba, tsakiyarsa katako ne da ragar waya da tamfol, kuma ɓeraye sun riga ni zuwa. Na tambayi mutumin lafiyarta, ya ce, "Lafiya lau take tafiya ranar da aka ajiye ta." Bai faɗi shekarar ba. Na nuna masa tsatsa don a yi mini ragi, kamar yadda kowane ɗan kasuwa zai yi. Mutumin ya shafa tsatsar da tafin hannu cikin ƙauna, ya ce ai saboda ita ma ya sa dala 2,800, don irin wannan launin rana ce ta yi shekara tamanin tana dafa shi. Na ɗauka barkwanci ne. Na biya, na ƙara dala 450 kuɗin janwe.

Yara na ganinta suka lissafa shekarunta, suka ga ta girmi kakar uwarsu, suka raɗa mata Kaka. Sunan ya bi ta. Uwargida ta ce ai ba laifi, dama kaka matar jika ce, sai dai ita ba ta taɓa ganin kakar da ta kori uwargida daga gareji ba. Toyotarta ta koma kwana a bakin titi.

Washegari da hantsi na samo burushin waya da sanfefa, na duƙufa a kan ƙofar direba har ƙarfe ya fara walƙiya. Ban ankara ba sai ga dattijon ya tsallako titi da gudun da ban san yana da shi ba, yana ɗaga hannu yana ihu in tsaya. Ya dubi ƙofar, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Ashe akwai wani reshe na masu wannan harka da ba sa fenti sam, tsatsar ce adon, har mai suke shafa mata don kada ta kakkaɓe. Ya ce a aikin safiya guda na goge wajen dala 500. Ni da na taso a Katsina, inda mota mai tsatsa ko ɗan kamasho ba ya yi mata kirari, sai ga ni a tsaye ana yi mini ta'aziyyar tsatsa.

Injin da talaka ke sawa shi ne Chevrolet 350, lita 5.7, ɗan gidan ƙananan injinan V8 da kamfanin ya fara ƙerawa a 1955. An yi su sama da miliyan 100, don haka duk bolar motoci a Amurka ba ta rasa guda. Na samu wani da giyabos ɗinsa a dala 700, an ciro shi daga wata akori-kura da ta zo daga Minesota. Shi ma lafiya lau yake aiki ranar da aka ajiye shi. Sai dai inji ba ya hawa mota da bismilla kawai. Na sayi ƙugiyar ɗaga inji, da teburin kafa shi, da jak, da injin walda. Na ɗauko sifanun da na yi shekaru ina taɓa Toyota da su, ko ɗaya bai kama noti ba, domin nawa da milimita aka auna su, Kaka kuwa inci ta sani: rabin inci, tara bisa sha shida, biyar bisa takwas. Kafin in ɗaure noti ɗaya, kayan aiki sun lashe dala 1,600. Wanda ya iya lissafi ya san a nan kasafi ya riga mu gidan gaskiya, alhali motar ko taya ba ta da shi.

Ranar da injin ya tashi na yi ta zagaya shi ina kabbara. Bai jima ba na zaro sandar auna mai, sai na ga baƙin mai ya koma kamar shayi mai madara. Dattijon ya shinshina, ya girgiza kai. Minesota ƙasar ƙanƙara ce. Wani ya bar ruwa zalla a cikin injin, hunturu ya daskarar da shi, ƙanƙarar ta kumbura ta tsaga bulok daga ciki, ruwa da mai suka zama 'yan ɗaki ɗaya. Na kira ƙanina, bakanike ne a Ƙofar Ruwa a Kano, na haska masa ta bidiyo. Ya ce, "Yaya, wannan ai ƙaramin abu ne, a wanke wurin da fetur a cika shi da araldait." Na fassara wa dattijon. Ya nemi kujera ya zauna. Inji na biyu, da garanti a rubuce, dala 2,300.

A cikin wannan kiran ne Hajiyarmu ta karɓi wayar don mu gaisa, idonta ya faɗa kan Kaka a bayana, ba taya, ba gilashi, an ɗora ta a kan itace. Ta tambayi mece ce wannan, na ce motata ce, ƙirar 1930. Ta yi shiru, ta ce, "Allah ya rufa asiri, ɗan nan." Bayan mako guda ƙanina ya kira ni a ɓoye, wai Hajiya ta sa a sayar da tunkiyarta biyu a turo mini, kuma kada a gaya wa dangi halin da nake ciki. Da ƙyar na hana. Har yau in na turo kuɗin wata sai ta aiko a tambaye ni ko na ci abinci.

Daga nan Kaka ta fara bayyana buƙatunta ɗaya bayan ɗaya. An ƙera ta ne don inji mai silinda huɗu da doki 40, ni kuma na kawo mata abin da ya ninka haka sau da yawa, don haka dole a yi wa shasin walda a ƙarfafa shi, in ba haka ba ya murɗe. Birkinta na asali sandunan ƙarfe ne ke jan sa, babu man birki ko ɗigo, sai an sake shi gaba ɗaya. Wutarta bolt 6 ce, injina 12 yake so, wato rewaya daga fitila zuwa fitila. Tankin mai kuwa Ford ta dasa shi ne a gaban direba, saman gwiwoyinsa, daidai bayan inji, don fetur ya riƙa gangarowa da kansa. Na dubi tankin, na dubi gwiwoyina, na sayi sabo na kai shi baya.

Su waɗannan manyan kaya ne, aƙalla suna sallama kafin su shigo. Ƙananan ne ɓarayin dare. Tiyo dala 18, kilif dala 9, notin da ya dace dala 4 kowanne kuma ana son sha shida. Famfon ruwan injin nan iri biyu ne, dogo da gajere. Dogo na sayo, ya tokari lagireto. Na sauya gajere, sai fuli ya ƙi daidaita da fanbel, na sauya fuli, sai maƙalin altaneta ya ce shi ɗan gidan dogo ne. An sayar da kare an sayi biri. Farfela ta yi tsawo, sai da aka kai ta shago aka yanke aka daidaita. Uwargida ta cika jan littafi, ta ari na lissafin babbar 'yarmu.

Sai maganar sare rufi. Al'adar masu harkar ce a yanke ginshiƙan rufin a rage masa tsawo, motar ta yi kwanciyar mugunta. Dattijon ya ce inci uku ya isa. Na ce huɗu, tunda ragi ne kaɗai abin da na samu kyauta a aikin nan. Ya yi walda mai kyau, ba ƙarya. Na buɗe ƙofa na shiga, hulata zanna ta bugi rufi ta faɗo kan cinyata. Na cire ta, ƙeyata ta maye gurbinta. Ni dogo ne, duk gidanmu haka muke. Sai da muka cire kujera muka kafa wata ƙasa-ƙasa, ina zaune gwiwoyi na gaisawa da haɓa. Gilashin gaba kuma ya zama 'yar taga, in na tsaya a danja sai na leƙo da kai waje kafin in san ko ta ba da hannu.

Saura takardu. Dattijon ya yi mini albishir cewa a Kalifoniya motar da ta kai 1975 zuwa baya ba a yi mata gwajin hayaƙi. Gaskiya ne. Amma dole jami'i ya ga lambar motar da idonsa, lambar Model A kuwa a jikin injinta na asali take, wanda ya ɓace tun kafin a haife ni, sai kuma a saman shasi ta ɓangaren direba, a ƙarƙashin bodi. Bodin da muka gama ɗaurewa, muka ja waya, muka haɗa sitiyari. Muka kwance, muka ɗaga, jami'in ya haska tocila bai fi ƙiftawar ido ba, ya sa hannu, muka mayar.

Na ɗau alwashin ranar Babbar Sallah Kaka ce za ta kai ni Idi. Iyali suka ce su dai Toyota. Na ci ado da babbar riga ta shadda, na ajiye hula a kujerar gefe, na naɗe kaina na shiga. Wallahi mil biyun farko sun yi daɗi, duk wanda na wuce sai ya ɗaga mini babban yatsa. A na uku allurar zafi ta miƙe tsaye, tururi ya turnuƙe 'yar tagar, Kaka ta yi tari biyu ta yi shiru. Fankar lagireto ce aka haɗa wa waya a juye, tana tura iska gaba maimakon ta jawo ta. Garin fitowa gefen rigata ya sauka a kan salansa, wadda ke bin gefen ƙofa tsirara, ƙaurin shadda ya haɗu da na roba. Wani saurayi ya tsaya, na ɗauka taimako ya kawo. Hoto ya ɗauka, ya roƙe ni don Allah kada in taɓa yi mata fenti.

Mun isa masallaci ana ta barka da Sallah, ni a gaban janwe kusa da direba, Kaka a ɗaure da sarƙa a baya. Wani dattijo ɗan Damagaram ya zagaya ta a hankali, ya leƙa ƙarƙashinta, ya dubi ƙonanniyar rigata, ya ce, "Malam, in ta layya ce ka kawo, wannan ta tsufa da yawa, kuma da alama gurguwa ce."

Da dare Uwargida ta haɗa lissafi, har da kuɗin rigar: dala 19,400. Wani ya zo dubawa ya taya 7,500, ya ce da zai ba da 8,000 in ba don ƙofar direba da wani marar imani ya goge ba.

Don haka, jama'a, Kaka na kasuwa. Inji garau, takardu cikakku, an gyara fanka, kuma lafiya lau take tafiya ranar da aka ajiye ta. Mai so ya zo da janwensa, kuma don Allah ya kasance gajere.